Tafiya Tawa cikar shekarar Madam

Motocin Tawa suna tashi daga Yamai tun kafin kiran assalatu, don haka mai son kujerar gaba gara ya yanki tikiti tun da yammacin jiya, ya bar manyan kayansa su kwana a tasha. Mu biyu muka yi tafiyar, ni da ɗiyar marigayiya ta fari, wadda take aikin ungozoma a Yamai. Kayanmu ba yawa sai wuyar ɗauka: kwali biyu na kyandir, gicciyen ƙarfe da wani maƙerin kasuwar Katako ya ƙera, an naɗe shi cikin tsohon bargo, da babban hoton uwar tata mai gilashi. Yaron mota ya so ya sa hoton a ƙasa tare da buhuna, ta ce masa ko kusa. A ƙirji ta riƙe shi wajen kilomita 550.

Cikar shekara za mu. Matar da rabin Tawa ke kira Madam, ba tare da an ƙara suna ba, ta rasu ƙarshen Oktoban bara, bayan ta yi shekara talatin da ɗoriya tana koyar da ajin farko a lakol ɗin mishan Katolika. Ta kama alli zamanin Kunce, ta aje shi zamanin Tanja. Na san aikinta domin duba aikin malaman firamare ne sana'ata, kuma ajinta nake kai sababbin malamai su zauna a baya su gani. Ɗiyanta sun haɗa cikar shekarar da ranar 2 ga Nuwamba, ranar da Katolika a ko'ina suke addu'a domin matattu suna ziyartar kaburbura. Bana kuwa ranar ta faɗo Lahadi.

Hanyar ɗaya ce, babbar kwaltar gabas. Gari na wayewa ana gefen Kure, ƙasar raƙuman dawa, sai Birnin Gaure cikin kwarin Dallol Boso, sai Doso a wajen kilomita 140, inda akan tsaya a sha shayi. Katin ɗan ƙasa a aje shi a aljihun gaba. A shingayen jami'an tsaro akan sauke fasinja kowa ya nuna nasa, kuma mutum ɗaya mai laluben takarda a ƙasan jaka ya isa ya tsai da mutum saba'in cikin rana. Farkon Nuwamba kaka ce: an yanke hatsi, dammuna jingine a gonaki, ana roron wake, yakuwa ta yi jawur a kan iyakokin gona.

Da duwatsun Dogon Dutsi suka bayyana, abokiyar tafiyata ta taɓa ni. "Kawu, nan ne garin su Inna. Nan masera suka ɗauke ta." Masera su ne matan da suka keɓe kansu ga hidimar cocin Katolika. Ƴar Arawa ce marigayiyar. Mutane da yawa suna zaton duk Katolikan Nijar baƙi ne daga Benin da Togo da Burkina, kuma gaskiya ne su ne suka fi cika coci a manyan birane. Amma akwai ƴan ƙasa, Gurmawan yamma da kogi, da Sonrai na wajen Dolbel, da Arawan Dogon Dutsi, waɗanda mishan ɗinsu na cikin tsofaffi a ƙasar. Mishan na farko an kafa shi a Yamai a 1931. Har yau Katolika ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, shi ya sa lakol ɗin mishan a Nijar ɗiyan Musulmi ne suka cika ta, kuma malamar da ta yi shekara talatin a irin wannan aji ta koyar da ɗiyan limamai da na alhazai fiye da na ƴan cocinta.

A Birnin Ƙonni muka ci abinci a tsaye. Kaɗan gaba, a Tsarnawa, mota ta bar hanyar Maraɗi ta karya hagu ta nufi arewa, nan take ƙasa ta sake: faƙo da jan dutse, kwaruruka masu ruwan kaka, manyan rumbunan laka na Adar, wato ƙasar Tawa, masu ciki kamar randa. Bayan Badagishiri ba a daɗewa. Da la'asar sakaliya muka shiga Tawa, ranar Alhamis.

Autan marigayiya ne ya tarbe mu da amalanken jaki saboda gicciyen. A ƙofar gida maƙwabciyarsu, wata Hajiya da ta manyanta, ta riga kowa fitowa. "Kun zaka lahiya? Sannunku da tahiya. Ina haƙuri?" Ita ce, in ji ɗiyan, ta jawo Madam ta kwana ɗakinta a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai kowa yana zaman ɗar-ɗar.

Washegari da safe muka tafi maƙabartar Kirista duba aikin kabari, kuma a nan akwai abin da ya kamata duk mai irin wannan hidima ya sani. Kirista a akwati ake binne shi, ramin yana da faɗi, ƙasar da aka mayar ba ta zauna ba. Autan, don ƙaunar uwa, ya sa magini ya kewaye kabarin da bulo tun kafin kwana arba'in. Damina ɗaya ta ishe shi: ƙasa ta lotsa, gefe ɗaya ya nitse, siminti ya tsage biyu. Dole aka fasa aka sake. Ka'ida ita ce a bari ruwan damina guda ya ratsa kabarin, a riƙa ƙara ƙasa duk lokacin da ta lotsa, sannan a yi gini. Tushen kuma a haƙa shi a kan ƙasa mai tauri, a wajen bakin ramin, zurfin kamar santimita 30. Wannan karon sun yi layi biyu na bulo, bulo 40, suka zuba dabe mai ƙarfen rodi a sama, suka bar bututu a wajen kai domin ƙafar gicciye. Buhu huɗu na siminti ya ci. Shafen buhu ɗaya ne da baro biyu na rairayi mai tsabta, wanda aka tankaɗe. Abin da ya fi kashe irin wannan aiki a Adar shi ne bushewa da wuri: iskar kaka ta fara, rana na dukan dutse, siminti ya sha ruwansa kafin ya kama, sai ya yi ta fashewa kamar ƙasan tabki. Kwana bakwai suka yi suna ba shi ruwa safe da yamma, an rufe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara. Gicciyen an fara shafa masa jan fenti mai hana tsatsa kafin baƙi, sunan kuma da kurfi aka buga shi a jikin farantin ƙarfe, domin rubutun fenti ba ya wuce shekara biyu a ranar Tawa. Muka saka ƙafarsa cikin bututun, magini ya cika da kwaɓin siminti, ya tokare shi da itace biyu har ya kama.

Abin da ya fi riƙe ni a tafiyar nan yana cikin ɗakin marigayiya. Akwatin ƙarfe ne, an ɗora shi kan bulo saboda gara, an watsa masa kafur. A ciki akwai kaye arba'in da wani abu, masu shafi 200, na shirin darasi. Kowane darasi da shafinsa: kwanan wata, abin da yaro zai iya yi in an gama, kayan da za a shigo da su, matakai da mintocin kowane. A ƙasan shafi kuma, da jan bik, abin da bai yi ba da dalilinsa. Malamai da yawa suna rubuta shiri don mai duba aiki ya sa hannu, shekara ta zagayo su kwafe na bara. Ita jan rubutun nan don kanta take yi, kuma shi ne ya sa kayen shekara ta ashirin bai yi kama da na shekara ta biyu ba.

Ajin farko, wanda ake kira CI, shi ne mafi wuya cikin azuzuwa shida na firamare, ko da yake sau da yawa sabon malami ake jefawa can. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai ya zo da Hausa ko Tamashek ko Fulatanci, an ce a koya masa karatu cikin Faransanci, harshen da bai taɓa ji ba. Aiki biyu ke nan lokaci guda. Madam ba ta taɓa harafi a makonni uku na farkon Oktoba. Baki take fara buɗewa: gaisuwa, sunan abin da ke cikin aji, "tashi", "zauna", "zo", "ba ni", ana faɗi ana aikatawa. Hannu kuma a ƙasa yake farawa. Ta fitar da su tsakar lakol, kowa ya share gabansa, a ja layi tsaye, a ja kwance, a yi zobe, a yi ƙugiya da yatsa cikin rairayi. Daga nan allo da alli, sai a wata na biyu a ba yaro kaye da fensir. Ta rubuta a wani wuri cewa yaron da aka ba fensir tun ranar farko yakan damƙe shi kamar wuƙa, kuma gyara wannan riƙo ya fi koyar da shi wuya.

Wasula take fara yi, sannan baƙaƙe ɗaya-ɗaya, kowane sabon baƙi a aura shi da wasulan da aka sani, a gina gaɓa, a gina kalma. Wannan kowa yana yi. Inda ta bambanta shi ne ta san daidai inda harshen Bahaushe yake tuntuɓe, ta kuma tanadi magani. Bahaushe da leɓɓa biyu yake yin "f", Ba'adare ma "h" yake mai da ita, lahiya da tahiya, "p" kuwa babu ita a matsayin harafi dabam. Saboda haka père, uba, da fer, ƙarfe, abu ɗaya ne a kunnen yaro. Maganinta guntun madubi: a "p" leɓɓa su rufe ruf sannan su fashe, a "f" haƙoran sama su hau leɓen ƙasa, yaro ya duba ya ga haƙoransa da idonsa. Don raba "f" da "v" sai ya ɗora yatsa a maƙogwaro, wadda ta yi rawa ita ce "v". Wasalin "u" na Faransanci kuma, wanda yara ke mayarwa "i" ko "ou", har riz, shinkafa, da rue, titi, da roue, ƙafar mota, su cakuɗe, sai ta ce su ja "iii" kada su motsa harshe, su tsuke baki kamar mai fito. Sai baƙaƙe biyu a jere, irin na classe da table, inda bakinmu yake son cusa wasali a tsakiya. A nan tafi take sa su yi, kowace gaɓa tafi ɗaya, wanda ya tafa sau biyu a classe ya ji kuskurensa da kansa.

Da yara sittin ko saba'in ba yadda za a bi kowa a tebur. Allo ne idon malami, kuma akwai tsarin da duk wanda ya shiga makarantar horon malamai ya sani da sunan La Martinière. Allo a kwance, alli a aje, hannu a naɗe. Malama ta faɗi tambaya sau biyu, ta ba da ɗan lokaci a yi tunani. Ta buga tebur sau ɗaya, a rubuta. Ta sake bugawa, a ɗaga allo gaba ɗaya. Ta bi layi-layi da ido, a gyara a babban allo, wanda ya kuskure ya gyara nasa ya sake nunawa, sannan a goge. Jan bik ɗinta ya lissafa inda abin yake lalacewa. In an bar tazara tsakanin bugu na biyu da ɗagawa, na baya sun kwafe na gaba. In tsumman gogewa ya jiƙe da yawa, alli ba ya kamawa, yaro ya san amsa amma allonsa fari fat, malami ya ɗauka daƙiƙi ne. In malami yana duba layin gaba kullum, na baya su gane su daina wahala. Don haka duk Litinin layukan ajinta suke juyawa, na baya ya dawo gaba, sai yara biyu ko uku da ta lura suna ƙanƙance ido ko suna karkata kunne, su ba sa barin gaba.

Lissafi da karan hatsi ne. Kowane yaro ya zo da kara 20 tsawon yatsa, daga baya a kai 100, a ɗaure goma-goma da zaren robar tsohon tub. Ɗauri ɗaya goma ne, sako-sako ɗaiɗai ne, kuma ranar da za a koyi ragi mai aro sai yaro ya kwance ɗauri da hannunsa ya ga inda goman ta tafi. Akwai wani tarko da malamin da bai san kasuwa ba yake faɗawa. Yaron Tawa da dala yake ƙirga kuɗi, ita kuwa dala tamma biyar ce. Ka nuna masa ƙwandalar da aka rubuta 25, ya ce biyar, ka nuna masa ta 100, ya ce ashirin, kuma bai yi ƙarya ba. Ƴar talla da take ba da canji ba kuskure sai ta zo aji ta ci sifili. Madam ta ware darussa huɗu a kan wannan kaɗai, da ƙwandaloli na gaske a kan tebur: abin da baki ke faɗi a gefe ɗaya, abin da aka rubuta a jikin kuɗin a ɗaya gefen, har yara su gane sau biyar ne tsakaninsu. A ganina darasin ninkawa na farko da ya fi wannan babu.

Zamanin da ta fara aiki ana rataya wa yaro sambol, wato ƙashi ko ƙoƙon dabba, in an kama shi yana Hausa a lakol. A kayenta na farkon shekaru ta rubuta cewa yarinyar da ta kwana da sambol ta yi kwana huɗu ba ta buɗe baki a aji ba, daga nan ban sake ganin kalmar ba. Takan yi bayani da Hausa in abu ya cije, ta maimaita da Faransanci, ta wuce. Gwamnati ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973, amma irin waɗannan ba su yi yawa ba, sauran malamai kowa dabararsa ta fisshe shi.

Rajistar kiran suna ma tana cikin akwatin. Yaro ya yi kwana uku bai zo ba, rana ta huɗu da yamma tana gidansu. A Adar maza da yawa suna bida, wato ci-rani, a Abijan ko wani wuri, watanni ko shekaru, don haka maganar yarinya da uwa da kaka ake yi, wani lokaci da ƙanen uba. Ba ta zuwa da faɗa. Takan tambayi ƙarfe nawa ake ɗora tallar, in ta safe ce a mai da ita bayan an tashi. Addini kuwa ta raba shi sarai: katekisim, wato darasin addinin coci, na ɗiyan Kirista ne, a harabar coci, bayan lokacin aji. Wani Alhaji mai shagon kayan gini, tsohon ɗalibinta, wanda ya ba da simintin kabarin, ya ce mini cikin azumi takan ce wa masu gwada azumin farko su zauna inuwa lokacin hutun ƙarfe goma, kada su yi guje-guje.

A ƙasan akwatin akwai wasu kaye ƙanana, na gida, kuma tsarinsu ɗaya da na aji har da jan bik. Mijinta direban babbar mota ne a hanyar Arlit, ya rasu ya bar ta da ɗiya biyar, ba da daɗewa ba kuma aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kuɗin kaye da magani da duk abin da ke zuwa daga waje ya haura. Ban da nata, kusan kullum akwai ɗiyan ƙauye uku ko huɗu da aka kawo karatu ba su da masauki, da ƴar'uwa ko tsohuwa. Baki goma ko goma sha ɗaya, tiya uku na hatsi a rana tsakanin fura da tuwo. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne, ke nan buhu ba ya kai mako biyu cikakku. Albashin malamar firamare ba ya sayen na shekara, saboda haka ta shirya da matan adashe a ba ta kwasar Nuwamba kowace shekara, lokacin da hatsi ya fi araha. Da ita take sayen buhu goma, ba a taɓa su sai daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da tiya ta yi tsada kuma ana bakans. Sauran watanni a sayi na ci daga albashi. Buhunan a kan katako suke, da tazarar tafin hannu daga bango, da busasshen ganyen bedi a tsakani. Wake kuwa a shanya shi kwana uku, a zuba cikin jarka har wuya, a toshe da leda a ɗaure murfi, ƙwaro ya rasa iska ya mutu. Wata shekara jan bik ya ce jarka biyu sun lalace, dalili kuwa an buɗe an ɗebi kaɗan an mayar, iska ta shiga. Daga shekarar ta koma ƙananan jarkoki, wadda aka buɗe a cinye ta.

Ɗiyar ta fari ta ce ƙarfe huɗu da rabi uwarsu take tashi. Ta ja carbi, goma biyar, ta ɗora koko, ta raba wa kowa aikinsa a rubuce a jikin ƙofar madafa, maza da mata duk suna wanke-wanke suna ɗebo ruwa. Da dare fitila ɗaya ce a tsakiyar tabarma, ita tana shirin gobe, su suna bita, ɗan gida da ɗan riƙo ba wanda ya fi kusa da haske, domin su ma juyawa suke kamar layukan aji.

Misar cika shekara, wato ibadar da ake yi a coci domin mamaci, ba a tashi ranar a ce a yi. Akan je ofishin coci aƙalla mako guda kafin ranar, a ba da sunan mamaci a rubuce da manyan baƙaƙe, da sunan baftisma da na gida, a ba da abin da ya sawwaƙa na neman Misa. Ranar 2 ga Nuwamba sunaye suna da yawa, wanda ya makara nasa ba ya shiga takardar da za a karanta. A gana da shugaban mawaƙa a zaɓi waƙoƙi, a sa wanda zai yi karatu ya gwada tun Asabar. Tawa tana ƙarƙashin dayosis ɗin Maraɗi, wato yankin da bishop ɗaya yake shugabanta, wanda aka yanke daga na Yamai a 2001 da Ambroise Ouédraogo a matsayin bishop na farko, ya haɗa har Damagaram da Agadas da Difa. Ƙasa mai faɗi, limaman coci kaɗan, don haka a tabbatar momper, wato limamin cocin, yana gari ranar, ba ya ƙauye.

Daren Asabar matan zumunta suka zo gida da zane iri ɗaya, aka ja carbi gaban hoton, da Faransanci da Hausa. Sayayyar girki duk an gama ta tun Juma'a, da dalili: Lahadi ce ranar babbar kasuwar Tawa, wanda ya ce zai yi cefane bayan Misa sai azahar ta same shi yana neman amalanke. Don mutum wajen 250 sun tanadi shinkafa kilo 50, rago biyu, mai lita 10, albasar Galmi rabin buhu, da garwa huɗu na lemun zoɓo da na citta. Mahauci Musulmi aka kira ya yanka a gaban maƙwabta, kuma ba a shigo da giya gidan ba, domin yawancin masu zuwa Musulmi ne kuma a wuce zargi.

Lahadi coci ya cika har waje. Bayan Misa aka ɗunguma zuwa maƙabarta, momper ya yi addu'a a tsakiya sannan ya bi kaburbura yana yayyafa ruwa mai albarka, kowane iyali tsaye a kan nasu. Kyandir a fili ba ya minti ɗaya a iskar Nuwamba. Waɗanda suka saba sun zo da gwangwanayen tumatir da gorunan roba da aka yanke kai, an zuba rairayi rabi, a kafa kyandir a ciki. Namu kwali biyun sai da muka raba wa maƙwabtan kabari muka karɓi gwangwani a madadi. A bakin ƙofar maƙabarta kuwa akwai maza kamar talatin da manyan riguna da huluna, ba su shiga ba, ba su kuma tafi ba. Tsofaffin ɗalibanta ne. Na lura da gaisuwarsu: wasu suna cewa "Allah shi jiƙan ta", wasu suna tsayawa a "Allah shi ba ku haƙuri", gwargwadon abin da malaminsu ya koya musu game da addu'a ga wanda ba Musulmi ba. Ɗiyan marigayiya a Tawa suka girma, sun san bambancin, kowa suka amsa masa da amin.

A gida an shimfiɗa tabarmi a zaure da butoci shida cike da ruwa. Aka jinkirta fito da abinci har aka idar da azahar. Shinkafar ta isa, naman ne ya gaza, saboda an bar samari suna rabawa kuma tiren farko sun yi nauyi. Wanda zai yi irin wannan ya sa dattijuwa ɗaya a kan tukunyar nama, ta ƙirga yanka kafin tire ya fita.

Da yamma ɗiyan suka zauna kan maganar akwatin. Kayen gida ɗiyar ta fari ta ɗauka. Na aji kuwa wata matashiyar malama ce ta roƙa, wadda ta fito daga makarantar horon malamai ta Kawsan a nan Tawa, an ba ta CI mai yara 74 a ajin zana a bayan gari. Autan ya ƙi a fitar da su daga gida, saboda ajin zana da wuta ba a shan inuwa ɗaya, kowa yana tuna gobarar da ta ci yara a Yamai da Maraɗi a 2021. Aka tsaya a kan ta riƙa ɗaukar biyu-biyu tana kai wa mai fotokofi ta dawo da su. Na ce mata ta fara da na shekarun ƙarshe, ta kuma gaya wa mai injin ya ƙara duhu, don jan bik ba ya fita sosai a kofi. Motar Yamai ƙarfe biyar na asuba take tashi, hoton kuma a bangon zaure muka bar shi.